Naman da Uzair ke aiko mana

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Kafin ku fara na yau, wadda take cin abinci ta ajiye cokali tukuna. Na faɗa tun yanzu don kada wata ta biyo ni ta waya tana tsine min. Ni kaina da nake rubutawa, rabona da sa nama a baki tun ranar Litinin, ko ƙamshin suyarsa na jiyo daga gidan maƙwabta sai in tashi in rufe taga.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Jannat. A nan Makka aka haife ni, a Misfala, cikin wani tsohon bene da idan ka leƙa ta tagar kicin za ka hango dogon agogon Harami. Abbana, Malam Idrisu, daga Kano ya zo karatu tun kafin a haife ni. Karatun ya ƙare, shi bai koma ba. Duk shekara da alhazan Kano sun fara sauka, ƙofar falonmu ba ta rabuwa da tulin takalma, wannan ya zo da tambayar ihrami, wancan ya zo da ta jifa.

Sai kuma Uzair, wanda wasunku suka riga suka raɗa wa suna "angonmu" a wajen sharhi. Dogo ne, tufafinsa farare tas kamar ba a duniyar nan yake yawo ba, kuma idan ya hau benenmu ya sauka, turaren udu ɗinsa sai ya wuni a matakala. Sana'arsa raguna. Wasu alhazai kati suke saya a banki na hadaya, wato dabbar da mai aikin Hajji yake yankawa, amma mutanenmu sun fi son su damƙa wa ɗan gida mai jin Hausa ya yanka musu. Uzair ne ɗan gidan.

Ba wanda ya ɗaure ni ya ce sai shi, in faɗi gaskiya. Ni dai ban ƙi shi ba, ban kuma taɓa rasa barci saboda shi ba. Amma Umma tana da wani irin shiru da ya fi duka zafi. Idan aka kawo katin bikin 'yar wata ƙawarta, sai ta ajiye shi a kan firij daidai inda zan gani, ta yi ajiyar zuciya, ta wuce. Ga kuma nama. Duk ranar Alhamis sai an buga mana ƙofa da leda, cinya ko haƙarƙari, da ɗuminsa. Umma ta yanki nata, ta aika wa maƙwabta, tana cewa, "Daga surukina ne, ba ya gajiya." Da haka har aka tsayar da Juma'ar da ta wuce, iyayensa maza za su zo a karanta Fatiha, wato neman aure a gaban manya.

Ni kuma a gefe guda ina ƙarasa kwas ɗina na kula da dabbobi a wata cibiyar mata. Tun ina ƙarama nake kwaso 'yan kyanwoyin lungu ina ɓoye su a ƙarƙashin gado, don haka ba wanda ya yi mamaki, ko da yake Umma "karatun kashin awaki" take kiransa. Malamarmu, Duktura Dalal, ta ce mu ba jarrabawar takarda za mu yi ba. Kowacce za ta haɗa littafi na waya, irin wanda kana karanta shafi sai ka taɓa hoto ya motsa, ka taɓa wani wuri murya ta yi maka bayani. Wanda ya yi kyau cibiyar za ta yaɗa shi.

'Yan ajinmu suka zaɓi kyanwa, tantabara, aku. Ni na ce da Hausa zan yi nawa, a kan yadda alhaji zai gane dabbar da ta isa hadaya. Da yawan mutanenmu ba sa jin Larabci, wasu tsofaffin ma ba sa karatun boko, amma kowa yana da kunne kuma kowa yana da waya. Na roƙi Abba ya sa muryarsa. Wayyo, da kun gan shi ranar! Ya yi wanka, ya sa hula, ya zauna a kan darduma yana gyaran murya, kamar wayar tana ganinsa. Sau uku muna sakewa saboda Umma tana daka yaji a kicin. A ƙarshe ya jero sharuɗɗan a nutse: kada ya zama mai ido ɗaya, kada gurgu, kada marar lafiya, kada ramamme, kuma lallai ya kai shekara.

Da Uzair ya ji ina neman inda zan ɗauki hoton raguna, sai ga saƙonsa: "Habibti, masoyiyata, garkena ai naki ne. Abu ɗaya kawai, shafin ƙarshe ki sa sunana da lambata." Na ce to. A lokacin ban ga aibun hakan ba. Muryar Abba a farko, lambar surukinsa a ƙarshe, har daɗi na ji.

Ranar Asabar da safe ya zo ɗaukar mu. Umma ta fito da abayarta mai baƙaƙen duwatsu a hannu, ta fesa turare kamar gidan biki za mu. Ni na sa tsohuwar abaya da takalmin kambas, na ɗaura niƙabi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Haka za ki shiga motar mutum?"

"Umma, garke fa za mu."

"Garken mijinki," ta ce, ta yi gaba.

Muka bi ta gefen Muzdalifa, inda aka fara jera motocin alhazai babu kowa a ciki, muka saki kwalta, muka shiga wata hanyar tsakuwa. Garken rumfunan kwano ne a gindin dutse. Ni warin dabba ba ya damuna, na saba. Amma tun da na sauko daga mota na ji wani wari a ƙarƙashin na kashi da fitsari, irin na ciwon da ya daɗe a ɗaure ba a kwance ba. Na ce ko wata dabba ce ta mutu a bayan dutse.

Ya kai mu rumfar gaba, wajen manyan raguna 'yan Sudan, masu tsayi kamar maruƙa. Ya naɗe hannun riga, ya kama ɗaya, ya buɗe min bakinsa. Bari in yi muku bayani kaɗan, don nan labarin yake. Rago ma yana famfara kamar yaro. Da ƙananan haƙoran nono yake tasowa, idan ya kusa shekara sai biyun tsakiya su faɗi, manya su fito a gurbinsu. Shi ya sa mai saye yake buɗe baki. In ya ga giɓi ko manyan haƙora biyu, ya san dabbar ta kai. Na ɗauki wannan da kyau, Uzair yana ta murmushi a bayan ragon don fuskarsa ta shiga.

Saura na wanda bai famfara ba, don mai kallo ya ga bambanci. Wayar Uzair ta yi ƙara, ya koma gefe yana ciniki da Larabci. Umma ta samu inuwa tana fifita da gefen mayafi. Ni kuwa na zagaya rumfar baya, inda na hango ƙananan raguna masu baƙin kai. Wani dattijo mai aiki a wurin, Kabo, ya tare ni.

"Hajiya, can gaba sun fi kyau."

"Ƙarami nake so. Don Allah riƙe min wannan."

Ya riƙe ba da son ransa ba. Na buɗe, giɓi. Na biyu, giɓi. Na uku ma giɓi. Rana ta haske fuskar wayar, gumi yana shiga idona ta tsagar niƙabi, ba na gani sosai, ɗauka kawai nake yi.

"Ikon Allah," na ce. "Ƙanana haka duk sun famfara?"

"Haka irinsu suke," ya ce yana kallon ƙasa.

Na lura kominsu cike yake da ɗanyar ciyawa, babu mai ci, sai miyau da ke dalala daga bakinsu. Na ce zafi ne. Na juya kamara na ɗauki rumfar gaba ɗaya, har da wani gwangwanin madara a kan katanga da ƙudaje suka yi wa rumfa. Sai ga Uzair da saurinsa yana dariya.

"Haba amarya, nan ba wurinki ba ne. Yalla, mu tafi, Umma ta gaji."

Da za mu tafi ya nuna wa Kabo wani ɗan rago da ya raɓe a lungu, aka ɗora shi a bayan mota. Ya ce wa Umma a yanka bayan Fatiha a raba wa maƙwabta, naman ƙarami ya fi taushi. Umma ta yi ta sa albarka har muka iso Misfala. Aka hau da shi saman bene aka ɗaure a inuwar tankin ruwa. Ranar bai ci komai ba, washegari ma haka. Umma ta ce kewar 'yan uwansa yake yi.

Ranar Litinin da hantsi na zauna haɗa aiki. Kwamfuta a kan gado, kofin shayi da na'ana'a a gefe, fanka tana kaɗawa. Na jera shafin ido, na jera na ƙafa, na ɗora muryar Abba a kan kowanne. Na zo kan haƙori, na buɗe bidiyon ƙananan nan, na tsayar, na ƙara girman hoton.

'Yan uwa, wannan ba famfara ba ce. Haƙorin da ya faɗi da kansa gurbinsa a shafe yake, har kana hango kan sabon yana leƙowa. Wannan dasashin a yage yake, ya kumbura ya yi baƙi, jini ya daskare a ramuka biyu. A na biyun, guntun tushen haƙorin yana nan a karye. Na uku kuwa wani farin ruwa ne yake tsatsowa. Na matsa gaba zuwa gwangwanin kan katanga. A garke na ɗauka tsabar masara ce a ciki. Na ƙara girma, na ƙara. Haƙora ne. Ƙananan haƙora cike da gwangwani, wasu da ɗan nama a jikinsu, ga filaya a ajiye kusa da shi.

Na ture kofin shayin. Na tura wa Duktura Dalal hotunan. Ba a jima ba sai ga muryarta, da Larabci, a fusace.

"Ya binti, 'yata, wannan aikin filaya ne. Ana fizge haƙoran ɗan wata biyar don a sayar da shi a matsayin ɗan shekara. Da yawansu bakin yake ruɓewa, su daina ci. Ki sa shi a littafinki, babi guda, don mutane su san abin da za su duba. Ba sai kin kama suna ba. Amma a ina kika ɗauko wannan ƙazantar?"

Na ajiye wayar. Silifas na zura na hau sama.

Yana kwance a gindin tanki, ciyawar da Umma ta zuba masa ta bushe a gabansa. Na durƙusa, na rungumo kansa, na sa babban yatsa na buɗe. Warin ne ya fara dukana, har sai da idona ya kawo ruwa. Ramukan biyu sun cika da mugunya, kuma a cikin ɗaya wani abu fari yana motsi. Na kau da kai na yi ta yunƙurin amai, babu abin da ya fito. Da na samu kaina na sauka na haɗo ruwan ɗumi da gishiri, auduga, da maganin ciwon da muke amfani da shi a aji. Na wanke masa, na cire abin da zan iya cirewa, na dama dusa ruwa-ruwa na ɗura masa da sirinji. Da na gama sai ya kama ɗan yatsana yana tsotsa, kamar yadda suke yi wa uwarsu. Nan na zauna a kan siminti mai zafi na yi kuka.

Da yamma na tura wa Uzair hoton gwangwanin.

"Mene ne wannan?"

Ya turo fuskar dariya har uku. Sannan ya rubuta, "Habibti, kin fiye bincike. Kowa a kasuwa haka yake yi."

"Hadayar mutane fa? Abba ya ce wanda bai kai ba bai isar ba."

"Alhaji ai ba ya ganin ragon. Yana can wajen jifa, mu yanka, mu kira shi mu ce an yi, ya yi aski hankalinsa kwance. Allah niyya yake dubawa."

"Waɗanda bakinsu ya ruɓe fa?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba.

"Ni ba na almubazzaranci. Da na ga ɗaya ya daina ci, sai in sa a yanka kafin ya rame. Ba a zubarwa, kyauta nake yi da shi. Ke ma ai kin ce ya yi taushi."

Na karanta, na sake karantawa. Sai Alhamis ɗin da ta gabata ta dawo min. Umma ta yi mana kabsa, dafa-dukar Larabawa, shinkafar ta sha romo. Ni na ɗauki ƙashin cinya, na bubbuga shi a gefen faranti, na zuƙe ɓargon, na lashe yatsuna. Har na tura masa saƙon godiya da hoton fure. Wata nawa muna ci? Maƙwabta nawa Umma ta aika wa, har da mai jego? Wannan karon da ƙyar na kai banɗaki. Na yi amai har sai da haƙarƙarina ya yi ciwo, na wanke baki da sabulu, na goge harshe da burushi, amma ji nake maiƙon yana nan a maƙogwarona.

Da na dawo na tarar da saƙonni a jere.

"Ki goge wancan bidiyon, ba shi da kyan gani."

"Ga tambarin shafin ƙarshe." Hoton rago ne da ƙaho na zinare, a ƙasa an rubuta, Hadayar Uzair, amana da tsafta.

"In kika nuna wa wani cewa zan yi a kwamfuta kika haɗa, ai aikinki ke nan." Da wata fuskar dariyar, da jar zuciya.

Wallahi jar zuciyar nan ta fi tsutsar ba ni ƙyama. Mutumin da zan zauna da shi, in ci daga hannunsa, in wanke masa fararen tufafin nan, bai ma ga abin kunya a ciki ba. Yadda yake ba ni labarin cunkoson hanya, haka ya ba ni wannan.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi ta jan ƙafa. Ranar Talata na ɗora yatsa a kan gogewa na fi sau nawa. Na ce in cire babin, in sa tambarinsa, in karɓi satifiket ɗina, kowa ya huta. Amma sai in tuna wata tsohuwa a masaukin alhazai za ta kara waya a kunne, ta ji muryar Malam Idrisu, ta yarda, ta kai shafin ƙarshe ta kira lambar. Sai na haɗa babin. Na ɗauko inda Abba yake cewa, "Wanda bai kai shekara ba bai isar ba, ko da an yanka an raba," na ɗora a kan bakin ragon nan na biyu. Shafin ƙarshe na bar shi fari.

Ranar Alhamis leda ta iso kamar kullum. Na sami Umma a kicin tana yanka albasa, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali, ledar tana wurin wanke-wanke tana ɗigar jini.

"Umma, ki duba wannan."

"Hannuna da albasa. Mene ne?"

"Bakin rago ne."

"A'uzu billahi! Ina aikin abinci za ki nuna min ƙazanta?"

Na faɗa mata da baki, tun daga filaya har ledar da ke gabanta. Wuƙar ta tsaya. Ta dubi ledar, ta ɗauke kai da sauri.

"Ke me kika sani a kasuwa? Karatun wata shida ya sa kin fi kowa?"

"Shi ya faɗa min da kansa, Umma. Ga saƙon."

"Halas, ya isa! Gobe mutane za su zo. Babu gidan da ban faɗa wa ba a layin nan. Da wane ido zan kalle su? Ki bari a yi Fatiha, in kin shiga gidansa kya gyara shi a hankali, haka ake yi." Ta nuna ni da wuƙar. "Kuma kada ki kuskura ki kai wa Abbanki. Kin san jininsa ba ya son tashin hankali."

Na fita. Amma da Juma'a ta waye na hau sama da dusata, sai na tarar da wani kwanon silba a gaban ragon, da ragowar kunu a ciki. Ba ni na kai ba, kuma gidanmu mu uku ne.

Bayan an sauko daga masallaci gida ya kacame. An sauya rigunan matasai, an kunna turaren wuta, an jera ƙananan kofunan gahawa da dabino a tire. Tukunya tana kan wuta tana tafasa. Aka sa ni doguwar riga ruwan ganye mai zaren gwal a wuya, ga lallen da aka zana min ya kama ja wur. Duk wadda ta gan ni sai ta ce amarya. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in wuce.

Ana idar da la'asar na ɗauki wayata na shiga ɗakin Abba. Yana zaune a kan darduma da sabuwar jallabiya, carbi a hannu.

"Abba, jibi zan miƙa littafin. Ka saurari muryarka ko akwai gyara."

Ya sa tabarau yana murmushi. Ya taɓa shafin ido, muryarsa ta fito, ya gyaɗa kai. "Ashe haka nake da sauri." Ya wuce na ƙafa. Ya wuce na rama. Ya zo babin. Ina kallon fuskarsa lokacin da muryarsa take cewa bai isar ba, bakin ragon yana buɗe a gabansa, sannan gwangwanin. Murmushin ya tafi. Ya mayar baya ya sake kallo.

"Wannan a ina?"

"Garken Uzair."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Na fara tsoron abin da Umma ta faɗa.

"Bara," ya ce a hankali, "duk wanda ya tambaye ni, wurinsa na tura shi. Akwai wata Hajiya Zali daga Gaya, ta zauna a bakin ƙofar can ta ce, Malam, ni ban san kowa a garin nan ba sai kai. Da hannuna na rubuta mata lambarsa."

Ashe Umma tana bakin ƙofa. Ta shigo tana murza hannu a zani.

"Malam, hoto ne fa. Yaran yanzu babu abin da ba sa haɗawa a kwamfuta."

Ba ta kalle ni ba da ta faɗa, shi ma ba ta kalle shi ba. Abba ya cire tabarau.

"Ragon da ke sama, daga can yake?"

Kafin wani ya amsa aka danna ƙararrawa. Ƙamshin udu ya riga su hawowa.

Ta labule nake leƙe. Baffansa Malam Sabo ne a gaba da sanda, wasu dattawa biyu a bayansa, sai Uzair a ƙarshe, fari fat, rungume da kwalin alewa. Aka yi sallama, aka gaisa, suka fara cire takalma. Abba ya ɗaga hannu.

"Ku bar takalmanku a ƙafa. Ku yi haƙuri, mu ƙarasa sama tukuna, akwai abin da nake so mu gani tare." Ya juyo wajen labulen. "Jannat, sa abayarki ki biyo mu."

Matakalar nan tun ina rarrafe nake hawanta, amma ranar a hankali na bi bayansu, ɗaya bayan ɗaya. Muka fito sama, zafin la'asar yana tashi daga siminti, tantabaru suka watse daga kan tanki. Ɗan ragon yana ganina ya miƙe, ya ja igiyarsa yana kuka. Malam Sabo ya yi dariya.

"Masha Allah, har ya san uwar gidansa."

Uzair bai yi dariya ba. Ido ya zuba min, ya girgiza kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani.

"Buɗe mana bakinsa," in ji Abba.

Na durƙusa da rigata mai zaren gwal, na rungumo kansa, na sa yatsana mai lalle. Duk wankin da na yi masa, warin bai gama tafiya ba. Dattawan suka sunkuyo. Ɗaya ya ja da baya yana salati. Malam Sabo ya kama gefen rawaninsa ya toshe hanci, ya dubi ramukan, ya ɗago ya dubi ɗan ɗan'uwansa.

Abba ya taka zuwa bakin matakala, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya yi a gida ba.

"Hajiya, sauke tukunyar nan. Ba za a ci naman nan a gidana ba."

Can sai muryar Umma ta taso daga ƙasa, tana rawa.

"Kaza ce a ciki, Malam. Nasa tun jiya na zubar."

Na sunkuyar da kai a kan wuyan ragon don kada a ga idona. Abba ya dawo a hankali, ya tsaya kusa da ni, ya dubi Uzair da har yanzu yake rungume da kwalin alewarsa a can nesa, inda iska take kaɗawa.

"Matso, ɗana," ya ce. "Durƙusa nan kusa da ita. Kai ma ka shaƙa."